Daga Usur ɗin Yara zuwa Mai Gadin Iyaka: Tarihin Raba Umarni da Murya a Layin Waya

Mai karatu, wataƙila ka taɓa kiran wani ofishi ko banki, wayar ta yi ƙara, aka ɗauka, kana jin muryar wanda ya ɗauka sarai amma shi ba ya jin ka. Ko kuma zance ya fara lafiya lau, sai kiran ya yanke bayan rabin minti, ka sake kira ya sake yankewa a daidai wannan lokacin. Mukan ɗora laifin a kan "sabis", mu wuce. Injiniyan da ke kula da irin waɗannan layuka kuwa da jin alamun ya san inda zai duba, domin ya san abin da yawancinmu ba mu damu mu sani ba: kowane kiran waya abubuwa biyu ne. Akwai umarni, wato saƙonnin da ke cewa wane ne ke kira, wa ake nema, an ɗauka, an ajiye, a fara lissafin kuɗi. Akwai kuma murya, wato maganar da mutanen biyu ke yi. A yau waɗannan biyun ba hanya ɗaya suke bi ba, shi ya sa ɗaya kan isa ɗaya ya ɓace.

A bakin iyakar kowane kamfanin sadarwa, da na manyan bankuna da cibiyoyin amsa kiran abokan hulɗa, akwai wata na'ura da aikinta shi ne tsayawa tsakanin gida da waje, ta duba umarni, ta duba murya, ta yanke hukuncin abin da zai shiga da abin da zai fita. Injiniyoyi na kiranta SBC. A nan za mu kira ta mai gadin iyaka. Wanda ya buɗe shafin saitinta zai tarar da jerin ƙa'idoji kashi biyu, na umarni da na murya. Wannan rabon yana da tarihin da ya haura shekara ɗari, kuma kusan kowane babi nasa da ɓarna ko asara ya fara.

Lokacin da umarni yake bakin mutum

A watan Janairun 1878 aka buɗe cibiyar haɗa kira ta kasuwanci ta farko a New Haven, jihar Connecticut ta Amurka, da masu layi ashirin da ɗaya. A wancan tsari babu wani rabo. Mutum zai ɗaga waya ya gaya wa ma'aikacin cibiya wanda yake nema, ma'aikacin ya soka igiya a ramin da ya dace a jikin allo. Muryar da ta ba da umarni ita ce muryar da za ta yi hira, a kan waya guda. Tsaron tsarin duka yana hannun ma'aikacin: shi ya san muryoyin mutanen gari, shi yake rubuta wanda za a caja.

Amincewa da mutum kuwa tana da nata ciwon. Labarin da aka saba bayarwa shi ne cewa Almon Strowger, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Kansas City, ya yi zargin ana karkatar da kiran masu neman sa zuwa ga abokin hamayyarsa a sana'a. Ko ma mene ne ya tunzura shi, a 1891 ya sami rajistar mallakar wata na'ura mai haɗa kira da kanta, kuma a 1892 aka kafa cibiya ta farko mai amfani da ita a La Porte, jihar Indiana. Daga nan umarni ya bar bakin mutum ya koma bugun lantarki. Faifan lambobi mai juyawa, wanda manyanmu suka sani a wayoyin ofis, yana katse wutar layi ne sau adadin lambar da aka juya, na'urar cibiya tana ƙirgawa tana matsawa mataki-mataki. An cire ma'aikaci mai son rai, amma an sa a gurbinsa na'urar da ba ta tambayar kowa ko shi wane ne.

Sautin da ya buɗe Amurka

Bugun lantarki yana aiki a cikin gari, amma ba ya iya bin dogayen layukan da ke haɗa birane, domin waɗannan an gina su ne su ɗauki sauti kawai. Da kamfanin AT&T ya tashi mayar da kiran nesa ya zama na kai tsaye bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya zaɓi hanya mafi araha: a aika umarni a matsayin sauti, a cikin hanyar da murya ke bi. Layin da babu kowa a kai yakan riƙa fitar da wani sauti mai kaɗawa sau 2600 a daƙiƙa. Idan sautin ya tsaya, cibiyar da ke ɗaya gefen ta san kira na zuwa, sai ta saurari lambobi, waɗanda su ma sautuka ne bibbiyu da ake haɗawa daga cikin guda shida, daga mai kaɗawa 700 zuwa mai kaɗawa 1700.

Raunin a bayyane yake ga wanda ya lura. Bakin wayar da ke hannun kowane mai kira ƙofa ce zuwa hanyar murya, hanyar murya kuma ita ce hanyar umarni. A wajajen 1957 wani yaro makaho mai suna Joe Engressia, wanda Allah ya ba kunnen da ke tantance sauti daidai, ya gano cewa idan ya yi fito a wani mataki sai kiran ya yanke. Ya faɗa kan 2600 da bakinsa. Daga baya aka gano cewa wani usur na roba da ake sawa kyauta a kwalin abincin safe na yara mai suna Cap'n Crunch yana fitar da wannan sautin idan aka toshe rami ɗaya, kuma daga nan John Draper, wanda ya fi kowa shahara a harkar, ya samo laƙabinsa.

Dabarar ga yadda take. Mutum zai kira lambar nesa da ba a biyan kuɗi a kanta. Kafin a ɗauka sai ya busa 2600. Cibiyar can nesa ta ɗauka ya ajiye waya, ta saki kiran. Da ya daina busawa sai ta ɗauka sabon kira ne ya shigo daga 'yar'uwarta cibiya, ta tsaya jiran lambobi. Shi kuma sai ya aika mata sautukan lambar da ya ga dama, ko ta Landan ce, da wata ƙaramar na'ura da aka yi wa laƙabi da shuɗin akwati. Cibiyar garinsu, wadda ke riƙe da littafin kuɗi, har yanzu tana ganin kiran kyauta yake yi. Sautukan ma ba sirri ba ne: mujallar fasaha ta kamfanin Bell da kanta ta buga su a 1960, kuma tana ajiye a ɗakunan karatu na jami'o'i.

A watan Oktoban 1971 mujallar Esquire ta buga dogon rahoton Ron Rosenbaum a kan waɗannan matasa. Cikin waɗanda suka karanta akwai wani ɗalibi, Steve Wozniak, wanda ya ƙera nasa shuɗin akwatin, shi da abokinsa Steve Jobs suka riƙa sayarwa a ɗakunan kwanan ɗalibai a Berkeley, shekaru kaɗan kafin su kafa Apple a 1976. AT&T ya kai mutane kotu, ya kafa na'urorin da ke sauraron layuka suna neman sautin, amma kame bai toshe ramin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan tana cikin ginin tun daga tushe.

An ba umarni hanyarsa

Maganin da ya yi aiki shi ne raba hanya. Daga 1976 AT&T ya fara aika umarni ta wata hanyar bayanai ta daban da ke haɗa kwamfutocin cibiyoyi, wadda bakin wayar mai kira ba ya kaiwa gare ta. A 1980 kwamitin duniya mai tsara ƙa'idojin waya, wanda a lokacin ake kira CCITT, ya fitar da tsarin SS7, wanda ya zama harshen da cibiyoyin duniya ke magana da shi. Usur ya tashi daga aiki. An kuma sami riba da ba a nema ba: kira ya riƙa haɗuwa da sauri, aka iya nuna lambar mai kira, kuma da wayar salula ta zo, a kan wannan hanya aka ɗora saƙon tes da yawon layi daga ƙasa zuwa ƙasa.

Sai dai SS7 an gina shi a kan wani zato: cewa duk wanda ke kan hanyar ɗan gida ne. A 1980 zaton yana da hujja, domin kamfanonin waya ƙalilan ne, yawancinsu na gwamnatoci, sun kuma san juna. Bayan an buɗe kasuwar sadarwa a ƙasashe da dama, masu iya shiga hanyar suka zama ɗaruruwa, wasu ma suna ba da hayar ƙofarsu. A watan Disambar 2014, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Hamburg, Tobias Engel da Karsten Nohl suka nuna cewa mai irin wannan ƙofa zai iya gano inda mai waya yake, ya karkatar da kiransa, ya karanta saƙonsa. A 2017 aka tabbatar a Jamus cewa ɓarayi sun bi wannan hanya sun tare lambobin sirrin da bankuna ke aikawa ta tes, suka kwashe kuɗi daga asusun mutane. Raba umarni da murya ya hana na waje shiga, amma bai tanadi komai ba game da ranar da na waje zai sami kujera a cikin gida.

Murya ta hau intanet

A 1995 wani kamfanin Isra'ila mai suna VocalTec ya fitar da manhajar da ke ba mutum biyu damar magana ta intanet da kwamfutocinsu. Muryar ba ta da daɗin ji, amma kiran ƙasa da ƙasa a lokacin yana da tsada ƙwarai, don haka jama'a suka haƙura da ƙarar. Cikin shekaru kaɗan ƙa'idoji suka biyo baya. A 1996 aka fitar da RTP, tsarin ɗaukar murya: ana yanka magana gunduwa-gunduwa, galibi kowace gunduwa milisakan 20, wato ƙunshi hamsin a daƙiƙa, kowanne da lambarsa da lokacinsa. A shekarar ce kuma hukumar sadarwa ta duniya ta fitar da H.323 don umarni. A 1999 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da nata tsarin umarnin, SIP, wanda Henning Schulzrinne na Jami'ar Columbia da Mark Handley suna cikin waɗanda suka rubuta shi. An sake fasalinsa a 2002, kuma shi ne ya yi rinjaye.

SIP rubutu ne da ido ke iya karantawa, kamar kan wasiƙar imel. Mai kira yana aika saƙon gayyata, INVITE, mai ɗauke da sunan wanda ake nema da na mai nema. A cikinsa akwai wata 'yar takarda, SDP, mai cewa: ga irin matsin muryar da na iya, ga adireshi da lambar ƙofar da za a aiko mini da sauti. Ɗaya gefen ya amsa da tasa takardar. Daga nan murya ta kama hanyarta kai tsaye tsakanin na'urorin biyu, ba sai ta bi ta inda umarni ya bi ba.

Waɗanda suka tsara wannan suna da aƙida. Tun farkon shekarun 1980 masana intanet suka riƙe ra'ayin cewa hikima ta zauna a na'urorin da ke ƙarshen layi, tsakiya kuma ta zama mai ɗaukar kaya kawai. A 1997 David Isenberg, ma'aikacin AT&T, ya rubuta wata maƙala da ta yi suna yana kare wannan ra'ayi a gaban kamfanin da ke biyan sa albashi. A wannan mafarki babu iyaka, babu mai gadi.

Abu uku suka tare mafarkin. Na farko ƙarancin adireshi. Tsohon tsarin adireshin intanet yana da gurbi kimanin biliyan 4.3 kawai, don haka tun 1994 aka fito da NAT, dabarar da ke sa na'urori da yawa na gida ko ofis su ɓuya a bayan adireshi ɗaya na waje. Wayar da ke cikin ofis adireshinta na ciki kawai ta sani, irin mai farawa da 192.168, kuma shi take rubutawa a takardar SDP. Na'urar NAT tana gyara adireshin da ke bayan ambulan, ba ta buɗe wasiƙa. Sakamakon shi ne waya ta yi ƙara, a ɗauka, amma ɗaya gefen yana aika murya zuwa adireshin da babu shi a duniyar waje. Wannan shi ne asalin kiran da mutum ɗaya kawai ke ji. Shi kuma kiran da ke yankewa bayan daƙiƙa 32, yawanci saƙon tabbatar da an ɗauka ne, ACK, ya ɓace a irin wannan hanya, agogon jira na SIP ya cika, na'ura ta ɗauka babu kowa.

Na biyu katangar tsaro. Umarni yana bin sananniyar ƙofa, 5060, amma murya tana zaɓar sabuwar ƙofa a kowane kira daga cikin dubbai. Mai kula da tsaro ko dai ya buɗe dubban ƙofofi ya bar su, ko ya rufe murya. Na uku kuɗi da doka. Kamfanin da ke sayar da mintuna ba zai yarda murya ta bi hanyar da ba ya gani ba, domin ba zai iya tabbatar da tsawon kira ko ingancinsa ba, kuma abokin cinikinsa zai iya gano kamfanin da yake saro mintunan daga wurinsa ya tsallake shi. Ga kuma dokar Amurka ta 1994 da ta wajabta wa kamfanoni ba hukuma damar sauraron kira da izinin kotu, wadda a 2005 aka faɗaɗa ta zuwa kiran intanet.

Haihuwar mai gadi

A shekarar 2000 Andy Ory da Patrick MeLampy suka kafa kamfanin Acme Packet a jihar Massachusetts, kuma a waɗannan shekarun ne wasu ƙananan kamfanoni irin su NexTone da Kagoor da Netrake suka fito da na'urori masu manufa ɗaya. Dabararsu ita ce kada a bar kira ya ratsa iyaka ko kaɗan. Mai gadin yana karɓar kiran da ya zo daga waje kamar shi ake nema, ya ƙare shi a nan, sannan ya ƙirƙiri sabon kira zuwa ciki kamar shi ne mai kira. A takardar SDP ta kowane gefe yana goge adireshin da ke ciki ya sa nasa, don haka murya ma dole ta biyo ta hannunsa. Yana buɗe ƙofar murya ɗaya idan umarni ya nuna an amince da kira, ya rufe ta da zarar an ajiye. Aikinsa ya yi kama da na dillalin da mai saye da mai sayarwa kowanne da shi kaɗai yake magana, ba wanda ya san gidan wani.

Masanan IETF da yawa ba su so wannan na'ura ba, kuma suna da hujja. Ta karya ƙa'idar magana kai tsaye, tana gyara saƙon da ba nata ba, kuma duk sabon abin da aka ƙirƙiro a SIP sai ta gane shi kafin ya wuce. Kasuwa ba ta saurare su ba. Acme Packet ya shiga kasuwar hannun jari a 2006. A 2010 IETF ta buga takarda mai lamba 5853 tana bayyana ayyukan da waɗannan na'urori ke yi da matsalolin da suke haifarwa, wanda amincewa ce cewa sun riga sun zauna. A 2011 Avaya ya sayi Sipera, mai ƙera irin na'urar don ofisoshi, a 2013 kuma Oracle ya sayi Acme Packet a kan kimanin dala biliyan 2.1. Ko a yau, ofishin da ke son haɗa manhajar Teams ta Microsoft da layin kamfanin wayar da ya zaɓa da kansa, sai ya sa mai gadin da aka amince da shi a tsakani.

Abin da ƙa'idojin ke cewa

Idan aka karanta shafin saitin mai gadi da idon tarihi, kowane layi amsa ce ga wata tsohuwar matsala. Ƙa'idojin umarni suna farawa da tambayar da na'urar Strowger ba ta iya yi ba: daga ina wannan saƙo ya fito, kuma an yarda da shi? Ana rubuta adireshin kamfanonin da aka ƙulla yarjejeniya da su, a ƙi kowa bayansu. Ana iyakance yawan gayyatar da za a karɓa a daƙiƙa, don kada a nutsar da cibiya da kiran ƙarya. Ana goge layukan da ke tona adireshin na'urorin ciki. Ana kuma daidaita karin harshe, domin ko da yake kowa SIP yake yi, wani kamfani yana son lamba ta fara da +234, wani yana son ta fara da sifiri, wani kuma yana ƙin saƙo gaba ɗaya saboda layi guda da bai sani ba.

Ƙa'idojin murya kuwa sun shafi abin da kunne zai ji. Akwai zaɓin kodek, wato tsarin mayar da sauti lambobi. G.711, wanda aka tsara a 1972, yana auna murya sau 8000 a daƙiƙa, yana cin kilobit 64, kuma shi kansa iri biyu ne: na Arewacin Amurka da Japan daban, na sauran duniya daban. G.729 yana cin kilobit 8 kacal amma yana rage armashin sauti. Idan gefuna biyu ba su da kodek ɗaya, mai gadi ya fassara, kuma kowace fassara tana ƙara jinkiri tana rage inganci, alhali shawarar hukumar sadarwa ta duniya ita ce jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi ba a yi ta katse juna ba. Akwai batun ɓoye murya da SRTP a gefen da ke fuskantar intanet. Akwai umarnin yanke kira idan murya ta daina zuwa na wani lokaci, don kada a ci gaba da cajin mutum a kan layin da ya mutu.

Akwai kuma wani abu da ke tuna mana da usur. Lambobin da muke latsawa idan na'urar banki ta ce a danna ɗaya ko biyu, sautuka ne bibbiyu a cikin hanyar murya, jikokin tsarin da aka yi wa kutse a da. Kodek mai matsi sosai yana lalata su, don haka tun 2000 aka tsara a aika su a matsayin ƙunshi na musamman. Idan gefuna biyu ba su daidaita a kan hanya ɗaya ba, mutum zai yi ta latsawa na'ura tana cewa ba ta gane ba.

Kuɗin kuskure

Saiti mara kyau yana da farashi. A 2006 hukumomin Amurka suka kama Edwin Pena, wani matashi a Miami mai sayar da mintunan kira da araha. Ya ɗauki wani mai kutse, Robert Moore, wanda ya bi intanet yana neman na'urorin da ba a sauya kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. Wasu kamfanonin kuma suna gane kiran abokin hulɗa ne da 'yan lambobin da ake sawa gaban lambar waya, sai aka yi ta gwadawa har aka dace. Pena ya tura mintuna sama da miliyan 10 ta layukan kamfanoni fiye da goma sha biyar, asarar ta haura dala miliyan 1.4. Ya tsere bayan an ba da belinsa, aka kama shi a Meziko a 2009, aka yanke masa shekara goma a 2010. Kamfanonin sun maimaita kuskuren 2600: sun ɗauki alamar da kowa zai iya kwaikwaya a matsayin shaidar ɗan gida.

Wani lokaci kuma mai gadin ne da kansa ake sawa ya yi ƙarya. Ƙa'idar da ke gyara fasalin lamba ita ce ke iya musanya ta da wata. Masu waya a Najeriya sun ga wannan da idonsu bayan 2016, lokacin da hukumar NCC ta ɗaga kuɗin sauke kiran ƙetare zuwa naira 24.40 a minti, ninki da yawa na kuɗin kiran cikin gida. Ɗan'uwa zai kira daga Jidda ko Landan, wayarka ta nuna lambar Najeriya, domin wani a kan hanya ya sauya lambar don a caje shi kuɗin gida, ko kuma ya sauke kiran ta akwatin da aka cika da layukan SIM. A 2018 hukumar ta hukunta wasu masu lasisi, ta toshe ɗaruruwan dubban lambobi.

A Amurka matsalar ta zo da fuskar kiran damfara mai ɗauke da lambar bogi. Dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2019 ta kai ga wajabta wa manyan kamfanoni, daga 30 ga Yunin 2021, amfani da tsarin STIR/SHAKEN: kamfanin da kira ya taso daga wurinsa yana sa hannun lantarki a saƙon gayyata, yana bayyana iyakar abin da ya sani game da mai lambar. A nan tsoron da masanan IETF suka bayyana ya tabbata. Mai gadin da aka saita ya goge duk layin da bai sani ba zai goge sa hannun, kuma kiran da ya ratsa tsohon layin SS7 a tsakiyar tafiya yakan isa babu shi. Dole aka koma aka sake rubuta ƙa'idoji a iyaka bayan iyaka.

Aikin mai gadi ƙaruwa yake yi. Kiran da ake yi a kan 4G da tsarin VoLTE, SIP ne da RTP, kuma ta irin wannan na'ura yake shiga cibiyar kamfani. Birtaniya ta sa Janairun 2027 a matsayin lokacin rufe tsohon layin wayarta na gargajiya, bayan ta ɗaga daga ƙarshen 2025. Duk bankin da ya mayar da cibiyar amsa kiransa kan intanet, duk asibiti ko ma'aikatar da ta yi haka, ta gaji tambayar da ma'aikacin New Haven yake amsawa da kunnensa a 1878. Shugaban irin wannan ma'aikata ba sai ya iya rubuta ƙa'idar SIP ba, amma yana da haƙƙin ya tambayi masu kula da layinsa abu huɗu: su wa aka yarda su aiko mana da kira, an sauya kalmar sirrin masana'anta, an rufe kiran ƙasashen da ba mu da hulɗa da su, kuma wa ke duba littafin kiran daren Asabar kafin takardar kuɗi ta iso?